Duwatsu Uku a Cikin Toka

Wutar ta tashi ranar Asabar da azahar, kafin la'asar ta lashe wahalar shekara shida. Dashe dubu huɗu ne a wurin renon itatuwa na Dutsen Marke, maɗaci da ɗorawa da kaɗanya, kowanne a ledarsa, ko ɗaya bai tsira ba. Rumfar da masu hawan dutse ke kafa tantunansu a gefenta ma ta tafi. Ranar Lahadi da safe rabin mutanen Unguwar Gaude ba su je sujada ba, suna tsaye a bakin toka suna kallon-kallo.

Dutsen Marke gandun shaƙatawa ne na jiha a bayan Samaru. 'Yan boko kan zo da jakar goyo su kwana a tanti, su hau dutse, su sauko suna haki su ce sun huta. Mutanen Gaude kuwa tun kaka da kakanni suke shigarsa, amma da aka zagaye shi da waya abu ɗaya aka bar musu: matansu su tsinci busasshen itace ranar Asabar.

Mordekai na cikin masu tsayuwa. Tsohon maharbi ne, ya ajiye kwari da baka ya zama jagoran masu hawa. A Gaude ana cewa in akuyarka ta ɓata ka kira shi, zai bi sawunta ya gaya maka har ko tana da ciki. Da safen nan ba sawu yake kallo ba, bakin Manaja Gregory mai kula da gandun yake kallo, ransa na tafasa.

Manajan ya sa an kewaye wasu duwatsu uku da igiya a tsakiyar toka. Ya nuna su da sandarsa.

"Gani ya kori ji," in ji shi. "Murhu ne wannan. 'Yan kulob da gas suke dafuwa, doka ce, ba sa hura wuta. Wa ke girka duwatsu uku in ba matan itace ba?"

Dakta Kevin, shugaban kulob ɗin masu hawan dutse, ya girgiza kai cikin takaici. Ɗan Gaude ne, yanzu malami a wata babbar makaranta a Samaru. Marigayiya Rifkatu, uwarsa, da kuɗin itacen gandun nan ta yi masa karatu.

"Sau uku ina rubutowa a hana shigowar nan," ya ce. "Mun tashi ƙarfe sha ɗaya, mun bar wurin fes. Ga abin da tausayi ya jawo."

Wadda aka kama kuwa Saratu ce, yayar Mordekai, shugabar zumuntar mata, mai shekara sittin da huɗu. Laifinta ita ce ta ƙarshe da aka gani ta fito da dami a ka. Manaja ya ce ranar Laraba zai sa hannu a kai ta kotu, a kuma soke Asabar ɗin mata gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

*

Da yamma Fasto ya karɓo belinta. Mordekai ya same ta zaune a kan turmi a tsakar gida, abinci a gabanta ba ta ko buɗe ba.

"Yaya, ki ci wani abu."

"A bayan kanta aka zaunar da ni, Mordekai, tare da ɓarayin waya. Ni da nake tsayawa gaban mata ina karanta musu Littafi."

"Kin hura wuta a gandun?"

Kallon da ta yi masa ya isa amsa, amma bai janye ba, don ya san haka za a tambaye ta a kotu.

"Me zan dafa a daji da tsakar rana? Ina da gida."

"An ce kin taɓa gaya wa Manaja wata rana wuta za ta cinye masa dashen."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Na ce ya sa a share ciyawar da ke kewaye da su kafin rani ya yi nisa, ya ce ba ya karɓar shawara daga mai gammo." Ta ture kwanon gefe. "Kai da kake bin sawun akuya, je ka bi na wanda ya ɓata mini suna. Ko kana tsoron bakin 'yan kulob, kada su daina kiranka?"

Maganar ta soke shi, domin akwai gaskiya a ciki. Dakta Kevin ne ya nema masa aikin jagoran nan, da shi yake ci da iyalinsa. Ya tashi ya tafi gida ya ɗauko tsohuwar sandarsa ta farauta.

*

Litinin da sassafe ya koma shi kaɗai. Wuta ma tana da sawu: ciyawar da ta ƙone takan kwanta tana nuna inda wutar ta fito. Ya bi ta a hankali, a sunkuye.

A gindin wata kanya ya tsinci tsumman hayaƙi irin na masu ɗiban zuma. Ya san na Ɗanladi ne, wani ɗan unguwarsu mai ɗiban zuma, kuma Ɗanladi ba ya rabo da sakaci. Da ya juya tsumman sai ya ga gara ta riga ta yi gini a ƙarƙashinsa. Gara ba ta yin wannan aikin a kwana biyu. Ya mayar da shi inda ya gan shi.

Duk ciyawar wuri ɗaya take nunawa, wato duwatsun Manaja. Ya tsallaka igiyar ya tsuguna, ya daɗe. Duwatsun sumul suke, a gindinsu akwai busasshiyar gansakuka. Ɗaya ya tsage, fuskarsa guda ta tashi. Sannan ya hure tokar da ke tsakaninsu a hankali, sai ga gurabe shida a ƙasa, farare, wuta ba ta taɓa su ba. Da su da duwatsun nan uku, zagaye ne cif. Duwatsu tara aka jera, bayan wuta ta wuce wani ya dawo ya kwashe shida.

Daga nan sawu ya fita a kan toka ta ɓangaren da 'yan kallo ba su tattake ba. Takalmin hawan dutse ne, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Zuwa uku, dawowa uku. Ya bi shi har kududdufin da ya rage a rafi, ya naɗe wando ya shiga, ya fito da duwatsu shida masu baƙin hayaƙi, ya ɓoye su a cikin sabara.

Yana juyowa ya yi tuntuɓe da wata ƙaramar tukunyar gas, ba komai a cikinta. A gindinta akwai lambar shago: Felix, Sabon Gari. Wani mai gadi da ke leƙensa daga nesa ya gani, kafin azahar labari ya kai Gaude. Samari suka fara tara kansu, wai Felix ne, dama baƙo ba ya tausayin ƙasar da ba tasa ba. Mordekai ya daka musu tsawa suka watse. Amma a ransa, gaskiya ɗaya ce, shi ma ya so a ce Felix ɗin ne. Da an huta.

*

Shagon Felix na cikin layin 'yan gwanjo, cike da tantuna da takalma da jakunkuna. Felix na jin Hausa kamar jakin Kano. Yana zaune a kujerar roba, ƙafarsa ta dama miƙe a kan kwali, ɗaure da filasta har gwiwa.

Mordekai ya dire masa tukunyar a gabansa.

"A bakin wutar na tsince ta."

Felix ya dubi tukunyar, ya dubi ƙafarsa, ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Baba Mordekai, wata guda ke nan da mota ta buge ni a Dogarawa. Ko masai sai an riƙe ni. Amma na ji samarinku na nemana. Kakana na cikin waɗanda suka shimfiɗa layin dogon garin nan, a Hanwa aka binne ubana, har yau in abu ya ɓaci ni ne baƙo."

Kunya ta kama Mordekai, ya zauna a kan wani ƙunshin tanti.

"Na yi kuskure, ka yi haƙuri. Wa ka ba ta?"

"Haya nake ba kulob. Duk an dawo mini da su sai ta Dakta." Ya miƙa hannu ya jawo wani koren tanti ya baje. "Ga kuma abin da ya kawo mini ɗazu."

Gefe ɗaya na tantin duk ƙananan huji ne, kamar an watsa masa tsakuwa.

"Ya ce ɓera ne," in ji Felix. "Ka taɓa ganin ɓeran da ke cin tanti ya bar bakin hujin a narke? Ga shi yana ɗingishi. Na ce Dakta lafiya, ya ce salansar acaba ce ta ƙone shi."

Mordekai ya shafa bakin hujin da yatsa. Tun da Kevin ya sayi mota ko gaisuwar ɗan acaba ba ya amsawa, balle ya hau.

"Wace ƙafa?"

"Hagu."

*

Talata ya sami Busola, sakatariyar kulob, a wani shagon buga takardu a Samaru. Ɗaliba ce a makarantar da Kevin ke koyarwa, shekararta ta ƙarshe. Da ta gan shi sai ta hau gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"'Yata, tambaya ɗaya. Dukanku kuka tashi ƙarfe sha ɗaya?"

"Bas ɗinmu ta tashi sha ɗaya, Baba."

"Ban tambayi bas ba."

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Dakta da motarsa ya je. Ya ce mu tafi, zai tsaya ya kwashe shara ya naɗe tantinsa." Ta ƙara matsowa kusa. "Tun Juma'a yake mita, wai hotunan shafinmu na intanet ba su da armashi. Wai na Turawa da wutar itace suke ɗauka, a zagaye ta da duwatsu, ga tanti a baya, namu kuwa sai tukunyar gas kamar masu sayar da shayi. Baba, shi ke duba aikina na kammalawa. Don Allah kada ka kira sunana."

"Ba zan kira ba."

Ya fito titi ya tsaya, motoci na wucewa bai gan su ba. Ya goyi yaron nan a wuya zuwa cikin gandun tun bai iya tafiya ba. Saratu ce ta yi wa Rifkatu jinya har ta cika, ita ta rufe mata ido. Abin da ya fi ƙona masa rai ba wutar ba ce, wuta tsautsayi ce. Dawowar nan ce, zuwa uku, dawowa uku.

*

Ranar Laraba Mordekai ya kafe a kan ba a ofis za a yi zaman ba, sai a bakin toka. Mai unguwa ya goya masa baya, Manaja ya zo yana ƙunƙuni da fayil a hammata, tare da wani sajan. Fasto ya zo, matan itace suka zo kusan su talatin. An kawo Felix a keke napep da sandunansa. Busola ma, da ba a gayyace ta ba, ta tsaya can baya. Dakta Kevin ya zo da rigar kulob da dogon wando, shi da aka sani da gajere ko da sanyi.

Saratu ce ta iso a ƙarshe, ɗauke da babbar tukunyar zumunta, wadda ake dafa shinkafar biki a ciki.

"Ranka ya daɗe," Mordekai ya ce wa Manaja, "tun da ka sa igiyar nan an taɓa duwatsun?"

"Ba wanda ya isa."

"Madalla. Ka ce murhu ne. Yaya, ɗora girki."

Saratu ta tsallaka igiyar, ta sauke tukunyar, ta saita ta a tsakiyar duwatsun ta saki. Tukunyar ta zarce ƙasa, tim, toka ta tashi. Ko gefen dutse ɗaya ba ta taɓa ba. Wata tsohuwa ta fashe da dariya, sauran matan suka ɗauka, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Babu tukunyar da ta fi wannan girma a Gaude," in ji Mordekai. "Wace mace ce za ta girka murhun da tukunya ba ta zama a kai?"

Ya shiga sabara ya riƙa fitowa da duwatsun nan shida, yana ajiye kowanne a gurbinsa. Kowanne ya zauna daram. Aka sami zagaye, irin na hoto.

"Ga abin da aka hura wuta a ciki. Yanzu ku duba gindinsu, gansakuka ce. Daga cikin ruwa aka tsamo su." Ya juya ga matan. "Iyayena, a cikinku wa za ta yi murhu da dutsen rafi?"

Tsaki ya tashi ta ko'ina.

"Sai mai neman makanta," in ji tsohuwar nan. "Ya sha ruwa, da ya ji wuta fashewa zai yi."

"Haka wannan ya yi." Mordekai ya ɗora sandarsa a kan tsagaggen dutsen. "Ya fashe ya watsa garwashi, wani ya huda tanti, wani ya faɗa cikin ciyawar da aka ce a share aka ƙi." Manaja ya sauya wa fayil hammata. "Ɓangaren dutsen da ya tashi kuma ya sami wanda ke kusa a ƙafar hagu. Felix, ɗaga taka."

"Tawa dama ce, kuma wata guda ke nan," in ji Felix. Ya jefo koren tantin a tsakiyar fili. "Wannan kuwa mai hayarsa na nan tsaye."

Idanu suka koma wuri ɗaya. Kevin ya gyara tabarau.

"Baba Mordekai, ka san da wa kake magana? Ni na nema maka aikin nan. Ɗingishina ƙunar salansa ce, kowa ya sani."

"Na san da wa nake magana, ni na kai wa babanka albishir ranar da aka haife ka. Salansar acaba a dama take, Kevin, kuma a dambubu take ƙuna. Naɗe wandon hagu mu gani. In ƙuna ce zan durƙusa a cikin tokar nan in ba ka haƙuri."

Kevin bai motsa ba. Sajan ya matso taku ɗaya. Daga can baya muryar Busola ta fito, kowa ya ji.

"Bai bi mu ba ranar Asabar. Mun bar shi a nan shi kaɗai."

Sai Kevin ya zauna a kan wani ƙonannen kututture. Da kansa ya ja wandon. A ƙwaurinsa akwai doguwar tsaga, an ɗinke ta da zare baƙi.

"Hoto kawai na so in ɗauka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Minti biyar. Dutsen ya fashe, iska ta kwashi wutar, na ruɗe na gudu."

"Ka ruɗe ka gudu, na yarda, ko ni zan iya," in ji Mordekai a fusace. "Amma da wuta ta lafa ka dawo da ƙafa tana jini, ka kwashe shida ka bar uku. Ka tsaya ka yi tunanin su wa za a kama. Washegari kuma ka tsaya a nan kana girgiza kai, yayata na bayan kanta. Wannan ba ruɗewa ba ce."

Manaja ya buɗe fayil ya rufe, ya fara wata magana a kan kuskuren fahimta, ba wanda ya saurare shi. Mai unguwa ya karɓi takardar kotun daga hannunsa ya miƙa wa sajan, ya ce a canza suna. Mordekai ya san daga yau da wuya kulob ya sake kiransa, ya auna abin a ransa ya ga bai kai nauyin dami ɗaya ba.

Saratu ta ciro tukunyarta daga cikin toka, ta kaɗe gindinta da gefen zane. Ta zo ta tsaya a kan Kevin. Ya ɗago da hawaye.

"Mama Saratu, ki yafe mini."

"Gafara ta Ubangiji ce, zan nema in ba ka, amma ba yau ba." Ta nuna duwatsun da haɓa. "Ba ɗaurin da ka so a yi mini ne ya fi ci mini rai ba. Ta wannan hanyar ni da Rifkatu muka yi shekara talatin muna ɗauko itace, har gashin tsakiyar kanta ya ƙare, don ka zama Dakta. Safe da yamma tana durƙushe gaban murhu tana dafa maka tuwo. Ashe ko sau ɗaya ba ka taɓa sunkuyawa ka ga yadda uwarka ke girka duwatsunta ba."

Ta naɗa gammo, ta ɗora tukunyar a ka, ta kama hanyar Gaude. Matan suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba.